Wanda Yake Zuwa Gidana da La'asar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar? Ya kunnen, ko har yanzu sai an yi miki magana kamar ana kiran wanda ke ƙetaren kogi? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Takwararki tana gaishe ki, haƙoranta na gaba sun zube, ta zama tsohuwa irinki.

Na san za ki ce yau kuma wace rana, Autan Inna ya zauna har ya rubuta takarda. Zaman dole ne. Ina can ƙololuwar wani dogon bene, a ɗakin injin lif, ina jiran a kawo mini wani ƙarfe da ya karye. Ɗakin ba taga, sai warin giris da gurnanin inji. Da kunnenki yana ɗaukar waya da na kira ki mun gama a tsaye, to ya ƙi, kuma maganar da ke cina ba ta faɗuwa ga kowa sai ke da kika goya ni.

Kin san aikina. Idan lif ya maƙale da mutane tsakanin hawa da hawa, akwai maɓallin da suke dannawa, kiran ya faɗo aljihuna. Abin da nake fara ce musu kullum shi ne su kwantar da hankalinsu, ina zuwa. To kalmar nan ta bi bakina har gida. Maman takwararki ta zuba abinci, ina zuwa. Yarinya ta kawo littafin karatunta, ina zuwa. Ladan ya kira salla, a zuciyata nakan ce masa ina zuwa. Ke ma kin san halin kalmar a bakinmu, duk wanda ya ce maka yana zuwa, ƙeyarsa za ka gani.

Shekaranjiya da safe zan fita, sai tsohon nan mai gyaran agogo da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu ya riƙe hannuna. Ya ce madalla da ni, kwanan nan ina ba shi sha'awa, kullum la'asar ga ni a sahun farko ta gefen taga, kuma ba na tashi sai na gama lazimi. Na yi dariya, na ɗauka gatse yake mini. Yaya, rabona da la'asar a masallacin nan har na manta kalar shimfiɗarsa. A ɗakin inji nake yin ta a kan kwali, caccakar kaza, wani lokaci ma sai ta haɗu da magariba. Amma tsohon bai yi dariya ba. Har tambayata ya yi ko tarin da nake yi jiya a sahu ya yi sauƙi. Kuma ina tari.

Da wannan kaɗai ne da na ce idon tsufa ne. To da na koma gida, maman takwararki ta tare ni da godiya, wai Allah Ya saka da alheri da na leƙo da rana na gyara famfon kicin da ya daɗe yana ɗiga. Na buɗe baki zan ce ba ni ba ne, sai waya ta yi kuka, na ce ina zuwa, na fita. Da safe na tsuguna na duba famfon. An gyara shi tsaf. Farin zaren da ake naɗawa a bakin bututu kuwa naɗin bahago aka yi masa, ta hagu, da ɗan ƙullin nan da nake yi a ƙarshe. Ban san wani mai irin wannan naɗin ba sai ni.

Kada ki tayar da hankalinki, wataƙila gajiya ce ta sa nake yin abu in manta. Ki dai sa ni a addu'a. Ga ƙarfen nan an kawo, zan tsaya nan. Ki gaida yara da jikoki.

Ƙaninki,
Autan Inna


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida gaba ɗaya. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin wani lif.

Kin ce in daina yi miki wasan yara, ai mun yi maganar nan baki da baki ranar da na zo. Kin ce na zauna a tabarmarki tun bayan azahar, na yanke miki farcen ƙafa, na matso ta kunnenki mai ɗan ji ina ba ki labari a hankali, har kika yi kuka don na tuna miki Inna. Kin ce ruwa kawai na sha. Yaya, wallahi ban zo ba. Ranar ina cikin ramin lif na wani otal, man inji har gwiwar hannu. Na so a ce ni ne. Farcenki ya daɗe yana raina, kullum ina cewa sai na samu sarari.

Tun daga nan na fara sa ido a gida. Idan na dawo, kujerar falo ta gefen labule tana da lotsawar wanda ya daɗe a zaune. Kofina a wanke, a kife. Tsofaffin takalmana na roba, waɗanda na jefa bayan ƙofa tun tuni, sai in tarar da su a jere, da ƙurar hanyar masallaci a jikinsu. Na lallaɓa takwararki da hira ina ɗaure mata igiyar takalmi. Ita ko a jikinta. Ta ce ai Baba biyu ne, akwai na safe akwai na la'asar. Na safe yana sauri, na la'asar kuma ba ya taɓa aljihunsa. Shi ne ya koya mata surar da ta ƙi zama a kanta, kuma idan ta yi kuskure ba ya duba agogo, sai ya ce ta sake. Na tambaye ta me yake yi bayan nan. Ta ce ba komai, zama kawai yake yi. Ban da ranar gyaran famfo, bai taɓa wuce falo ba, kuma kafin magariba yake tashi.

Zan faɗa miki gaskiya, tsoro na ji, amma kishi ya fi tsoron yawa. Ni nake hawa bene ina sauka har gwiwoyina suna ƙara, wani can yana zaune a kujerata yana kwashe albarkar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maman takwararki kuwa ta canja, ta yi haske, har 'yar waƙa take yi a kicin. Rannan tana miƙo mini ruwa ta ce, ba ta kalle ni ba, wai ta gode da na dawo mata kamar farkon aurenmu. Ki faɗa mini, da wane bakin zan ce mata ba ni ba ne?

Na je wurin limaminmu bayan asuba, na kwashe komai na faɗa masa. Na ɗauka zai zabura, ko ya ba ni wani abin karantawa. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce shi bai san wanda yake zuwa ba, ilminsa bai kai nan ba, amma ya san wanda ba ya zuwa. Ya ce gurbi a sahu ba ya zama fanko, idan mai shi bai tsaya ba sai a matso a cike, haka ma gurbi a gida. Na ce to mene ne magani? Ya ce mutum biyu ba sa tsayawa a gurbi ɗaya, in zo in tsaya a nawa. Na ce masa in sha Allahu ina zuwa. Ya ɗago ya dube ni, ni ma sai da na ji abin da bakina ya faɗa.

Idan ya sake zuwa wurinki, kada ki kore shi, ban san abin da zai yi ba idan aka kore shi. Ki dai duba mini ko yana da tabon ƙunar nan na bayan hannuna. Ko da yake bari, kada ki duba. Na san yana da shi.

Ki huta lafiya, Allah Ya tsare mana ke.

Ƙaninki,
Autan Inna


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ya jiki, ya gida. 

Jiya na yi niyya tun safe cewa la'asar a gida za ta same ni. Akwai abokin aikina da muke kira Hawainiya, don shi ko gini na cin wuta sai ya gama alwalarsa a tsanake. Na daɗe ina yi masa dariya, kuma ban taɓa yarda in bar masa kira ko ɗaya ba, gani nake idan ba ni ba lif ɗin garin nan duk sai sun faɗo. Bayan azahar ina haɗa kayan aiki sai kira ya shigo, mutane sun maƙale a wani benen ofisoshi, ina jin wata mata tana salati a ciki. Kalmar ta zo har bakin leɓena. Na haɗiye ta, na ce musu su kwantar da hankali, ga wani nan tafe, ya fi ni iyawa. Na miƙa wa Hawainiya makullan. Ya dube ni kamar na ba shi kyautar mota, ya ce lallai ajalina ya kusa, tunda yau na bar masa kira.

Yaya, ban san unguwarmu da rana ba. Titin shiru, shaguna rabi a rufe, wata akuya tana barci a ƙarƙashin mota. Inuwar gidaje ma ta wani gefen take da ban saba gani ba. Na hau matakalar gidanmu ina jin kamar na zo satar wani abu. A bakin ƙofa ga takalman robar nan a jere, ƙafar hagu ta ɗan karkace yadda nake cire su.

Sai na ji muryata a ciki. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da ɗan tarin. Tana jan aya a hankali, takwararki tana bi. Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne ban taɓa jin muryar nan babu sauri a cikinta ba. Ashe haka take da daɗi.

Makulli yana hannuna, amma na kasa sa shi. Sai na yi sallama, kamar baƙo. Karatun ya tsaya. Na ji tafiyar ƙananan ƙafafu, ƙofa ta buɗe kaɗan, takwararki ta leƙo. Ta dube ni tun daga takalmin aiki har hular kwano da ke hannuna. Ta waiwaya cikin falo, ta sake dubana. Sannan ta ce, da ladabin nan da uwarta ta koya mata na tarbar baƙi, “Baba yana ciki. Wa za a ce?”

  'Yar da na yi wa huɗuba a kunne take tambayata wa za a ce. Nan take waya ta hau kuka a aljihuna, sai na ga idonta ya sauka kan aljihun, fuskarta ta saki kamar ta gane. Ta ce au, na safe ne. Ta tsaya tana jira in ce abin da na saba cewa in juya.

Ban juya ba. Na ciro wayar na kashe ta a gabanta. Ban kuma tura ƙofa ba, don ban san abin da zan gani a kujerar ba, kuma ba na so yarinya ta ga mu biyu a ido ɗaya. Na zauna a kan matakala, na ce mata ta je ta ƙarasa karatunta, zan jira. Ta bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ta wannan tsagar ina hango gefen labule da gwiwar mutum cikin tsohon wandona mai ruwan toka. Gwiwar ba ta motsi ko kaɗan. 

Da aka kira la'asar na tashi da sauri na riga shi zuwa masallaci. Na yi alwala, na wuce sahun farko ta gefen taga, na tsaya. Mai gyaran agogo yana damana. Har aka tayar da salla ina jin kamar akwai mai tsayuwa dab da bayana, yana jiran in matsa, numfashinsa a wuyana. Ban matsa ba. Na yi sallar da na daɗe ban yi irinta ba, ba don na zama waliyyi ba, don tsoron in ɗago da wuri ne. Da muka sallame na waiga, ba kowa a bayana sai wani mai kai kaya da ban sani ba.

Da na koma gida takalman suna bayan ƙofa a jefe. Na taɓa kujerar, da ɗuminta.

Ki ci gaba da addu'a, Yaya, ba a gama ba.

Ƙaninki,
Autan Inna


Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa irin ta wanda ya ƙoshi da barci. Ya ƙafa, ya kunne, ya jikoki masu hana ki sakat? Na ji saƙonki cewa bai sake zuwa ba, har kina cewa kin yi kewarsa. Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Na je wurin manaja na ce a raba kiran tsakanina da Hawainiya, daga azahar zuwa safe ba ni. Ya ce ko ba ni da lafiya ne, na ce yanzu nake nemanta. Abin haushi, Yaya, ba lif ɗin da ya faɗo. Garin nan yana ta hawa yana sauka ba tare da ni ba, ko a jikinsa.

Na faɗa wa maman takwararki komai.  Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar farko ta lura ba ya barin sawu a kan tayil idan ta yi shara, kuma bai taɓa cin abin da ta ajiye masa ba. Kullum tana kicin tana karanta duk abin da ta haddace, ƙofa a buɗe, idonta a kan 'yarta. Na ce to waƙar fa, da godiyar da take mini? Ta ce godiyar ta yi ne ko zan ji kunya in tambaya, waƙar kuma don kada yarinya ta ga tsoro a fuskarta. Na ce me ya hana ta faɗa mini? Ta ce sau nawa ta fara, ina ce mata ina zuwa.

Zama aiki ne, ban sani ba sai yanzu. Kwanakin farko hannuna yana ta kai wa aljihu duka ko da wayar tana cikin durowa. Ina zaune a kujerar, takwararki tana can ƙarshen falo tana kallona ta wutsiyar ido. Karatu tana yi da ni, abinci tana ci kusa da ni, amma ta daina kirana da kowane suna. Sai dai ta ce “ka ga”, ko ta ja hannun rigata. Idan na miƙe ko ruwa zan sha, sai ta bi ni da ido har in dawo. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da ya faru, kuma ban ga laifinta ba.

Jiya bayan na dawo daga la'asar muna karatu, barci ya ɗauke ta, kanta a kan cinyata. Uwarta tana ɗaki tana ninke kaya. Rana ta shigo ta labule ta kwanta a kan tayil, gidan shiru, har ƙafata ta mutu ban motsa ba. Sai na ji tafiya a matakala, a hankali, ba sauri. Ta tsaya a ƙofarmu. Aka yi ɗan tari, sannan aka yi sallama da muryata.

Sallama dole a amsa ta, na amsa daga zaune.  Ina ganin inuwar ƙafafu biyu ta ƙarƙashin ƙofa, ba su matsa ba. Wani abu a raina yana ta ce mini in tashi in buɗe, in ga fuskarsa sau ɗaya, in tambaye shi ko shi wane ne, minti ɗaya kawai in dawo. Har na dafa hannun kujera. Sai na ji yatsun yarinyar nan sun damƙe wandona. Idonta a rufe, ban san ko barci take ko farke ba. Ta ce, can ƙasa-ƙasa, “Baba, kada ka tashi.”

Ban tashi ba. Na ɗora hannuna a kanta, na ce wa na bakin ƙofa masu gidan suna ciki, an gode. Inuwar ta daɗe, sannan ta janye, na ji tafiyar tana sauka har ta ɓace. Ban san ko ya tafi ke nan ba, kuma ba na jin ya yi nisa. Ina ganin duk ranar da na bar kujerar nan ta huce, zai ji.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu za mu zo miki mu uku, mu wuni. Ki tanadi abin yankan farce. Ki kuma dafa abinci da yawa, don ni ba ruwa kawai zan sha ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Autan Inna